Raccah Rovers: Kulob Ɗin Kano Da Ya Kara Da Pele, Ya Ci Kofin Ƙasa, Sannan Ya Ɓace

'Yan'uwana Hausawa mazauna Abuja da kewayenta, daga Wuse zuwa Karmo, Gwagwa, Dei-Dei, Zuba, Nyanya har Mararraba. Yau ba maganar tsadar haya ko ta kasuwa na zo da ita ba. Maganar ƙwallo ce. Amma kada mai karatu ya yi saurin cewa shiririta ce, domin in ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe zai ga cewa maganar ta shafe mu, mu da aka haifa ko muka tashi a wannan gari alhali asalinmu na can gida.

Ranar Alhamis 29 ga Disamba 2022 Pele ya mutu a ƙasar Brazil. Washegari Juma'a da safe muna rumfa ni da ƙanena, muna jera atamfofi muna duba hotunansa a waya. Mahaifinmu na zaune a kan kujerarsa da carbi a hannu. Shi dai Baba tun tasowarmu ba mu taɓa jin ya yi hirar ƙwallo ba, illa faɗan da yake mana in mun daɗe a gidan kallo da daddare. Sai kawai muka ji ya ce, "Allah sarki, Pele. Ai na gan shi da idona."

Muka kalli juna. Na ce, "Baba, a talabijin?"

Ya ce, "Kai yaro, wane irin talabijin? A Kaduna na gan shi, ranar da ya buga da Rakka."

Ban san mene ne Rakka ba. Ni da zan iya lissafo maka 'yan wasan Chelsea tun daga gola har 'yan benci, ban taɓa jin sunan ba. Don kunya ban musa masa ba, amma a raina na ɗauka ko tsufa ne ya sa ya haɗa labari biyu. Da na koma gida na shiga intanet na yi ta lalube, sai ga magana ta fito fili, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin waɗanda suka rubuta labarin mutanen Brazil ne, da yarensu. Ashe ranar 26 ga Afrilu 1978, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pele ya sa rigar kulob ɗin Fluminense na birnin Rio ya buga wasa da Raccah Rovers ta Kano. Su can suna tunawa da ranar. Mu 'ya'yan masu kulob ɗin ko sunansa ba mu sani ba. Tun daga ranar nake tattara abin da na samu, ina haɗawa da abin da na ji daga bakin Baba da abokansa, shi ne yau na ce bari in rubuta.

Daga ina sunan ya fito?

Sai mun koma zamanin gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe ba ji ba gani. Turawa sun yi zaton auduga manoman Kano za su duƙufa a kai, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba ana iya ci. A wannan ciniki ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya ƙara bunƙasa, kuma daga nan aka san dalar gyaɗa, wato buhunan da ake jibgewa kamar tsauni ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas.

Gyaɗa ta jawo baƙi iri-iri. Akwai kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, akwai Kwarori, akwai kuma mutanen Turabulus ta Libiya, waɗanda dama tun zamanin ayarin raƙuma suke hulɗa da Kano. Cikin mutanen Turabulus ɗin akwai wani Bayahude mai suna Saul Raccah. Ya yi suna a shekarun 1930 saboda ya yi ƙarfin halin yin gogayya da manyan kamfanonin Turawa wajen sayen gyaɗa da fitar da ita ƙasashen waje, a lokacin da suka haɗa kai suna tsara farashi a tsakaninsu. Sunan gidansa ne Kanawa suka mayar "Rakka", kuma shi ne sunan da kulob ɗin ya ɗauka. Ka ga ke nan tun daga sunansa kulob ɗin ɗan kasuwa ne, irinmu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wancan lokaci. Gasar kofi mafi daɗewa a Nijeriya, wadda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, daga baya ta koma Kofin Ƙalubale, in ka duba waɗanda suka fara cin ta za ka ga ma'aikatan jiragen ruwa ne, da ma'aikatan reluwe, da na UAC, duka a Legas. Ƙwallo a lokacin abin ma'aikata ne, wurin aikinka shi ne kulob ɗinka. Kuma abin alfahari ga Kanawa, a 1953 tawagar Kano ce ta fara fitar da kofin nan daga Legas.

A 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, kuma Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim yake ɗauke da nauyinta, ita ta fara ci. Daga nan kofi ya koma kudu ya zauna: Bendel Insurance ta Benin a 1973, Rangers ta Inugu a 1974 da 1975, IICC Shooting Stars ta Ibadan a 1976, Rangers kuma a 1977. Waɗannan ba ƙananan ƙungiyoyi ba ne. IICC ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu a 1976, Rangers ta ci shi a 1977. Yawancin 'yan wasan Green Eagles daga cikinsu ake ɗiba, irin su Christian Chukwu da Emmanuel Okala da Segun Odegbami da Muda Lawal. A tsakiyar waɗannan giwaye ne Rakka ta kutsa kai.

Shekaru ukun da aka yi tashe

A 1977 Raccah Rovers ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma kofi ya tafi Ibadan wajen IICC. Baba ya ce a shagon wani tela a Fagge suka saurari wasan a rediyo, mutum kan mutum, kuma ranar ko tuwo bai iya ci ba. Lokacin yana ɗan shekara goma sha biyar, yana yaron shago a Kwari. Ya ce ranar da Rakka ke da wasa a filin Sabon Gari, tun azahar yara ke fara neman dabarar da za su sulale daga shago, wanda ba shi da kuɗin shiga sai ya jira a buɗe ƙofa dab da tashi, ko ya maƙale a bayan wani babba a ce ɗansa ne.

Sai 1978, shekarar da Baba yake kira shekarar Rakka. A watan Afrilu Fluminense ta zo rangadi Nijeriya. Pele shi kuma, wanda ya yi ritaya a watan Oktoban 1977 bayan zamansa a kulob ɗin Cosmos na Amurka, ya zo ƙasar ne a kan harkar tallan wasu kayan lantarki na Brazil. Yana da shekara 37, ya ci kofin duniya sau uku, a 1958 da 1962 da 1970. A Legas ya sa rigar Nijeriya ya ɗan taɓa wasa da Fluminense, a Kaduna kuma ya sa ta Fluminense ya fuskanci Rakka. Ya buga kashin farko na wasan, aka tashi Fluminense na da ci 2, Rakka na da 1.

Baba ya ce ubangidansa ne ya tafi da shi don ya riƙe masa jaka, suka bi mota tun asuba. Ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai ba Pele ba ne, domin daga inda yake tsaye kan mutane ya fi gani. Abin da bai manta ba shi ne ƙarar da filin ya ɗauka lokacin da Rakka ta jefa tata ƙwallon a ragar mutanen Brazil. Ya ce, "Ɗan nan, ranar muka san cewa su ma ƙafa biyu gare su."

A wannan shekara ta 1978 Raccah Rovers ta zama zakaran lig na Nijeriya. Ita ce ƙungiyar Kano ta farko da ta yi haka, kuma ta biyu daga Arewa bayan Mighty Jets. Abin lura a nan shi ne, a daidai lokacin gyaɗar da ta haifi sunan Rakka ta riga ta durƙushe. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, duk sun haɗu sun share dalar gyaɗa daga Kano. Dala ta tafi, sunan ɗan kasuwar gyaɗa ya rage a kan rigar 'yan ƙwallo.

A 1979 Rakka ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka. Ta haɗu da Simba ta Tanzaniya, wadda a zagayen baya ta yi abin mamaki: Mufulira Wanderers ta Zambiya ta ci ta 4 da nema a gida, ita kuma ta je Zambiya ta rama da 5 da nema. Wannan Simbar ce Rakka ta fitar. A wasan da aka yi a Darussalam wani ɗan wasan Simba mai suna Hussein Tindwa ya yanke jiki ya faɗi a fili, kuma ajalinsa ke nan, shi ya sa har gobe masu bin tarihin ƙwallo a Tanzaniya suna ambaton sunan Raccah Rovers. Tafiyar Rakka ta tsaya a zagayen kwata fainal, inda US Gorée ta Senegal ta fitar da ita. Union Douala ta Kamaru ce ta ɗauki kofin a shekarar.

Da Nijeriya ta ci kofin ƙasashen Afirka karo na farko ranar 22 ga Maris 1980, bayan ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, akwai ɗan Rakka cikin tawagar, wato Shefiu Mohammed.

Yadda abu ya watse

Daga nan sai tauraruwa ta fara dushewa. Cikin shekarun 1980 Raccah Rovers ta fice daga sahun manya, daga bisani ta watse. Ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya duba wancan zamani zai ga gawarwakin kulob-kulob birjik. Leventis United ta Ibadan ta ci lig a 1986, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1985, amma kafin shekarun 1980 su ƙare kamfanin ya rufe ta. Abiola Babes ta Abeokuta ta ci Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987, ita ma ta bi sahu. New Nigerian Bank ta Benin ta ci lig a 1985, yau sai dai labari.

Lokacin ne farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, Naira ta karye, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. Kulob a Nijeriya ta wancan lokaci ba ya ci da kansa. Kuɗin ƙofa ba ya isa albashi da mota da masauki, balle tikitin jirgi zuwa Dakar. Ko dai kamfani ne ke biya, ko ma'aikatar gwamnati, ko wani attajiri mai sha'awa. Ranar da ciniki ya ja baya, abin da ake fara yankewa shi ne ƙwallo.

Da na karanta wa Baba wannan bayani sai ya yi murmushi ya ce ai ba sai an je makaranta ba. Ya ce ka duba layinmu a kasuwa, rumfa nawa ce aka rufe bayan rasuwar mai ita? Rumfar da lissafinta ke cikin kan mutum ɗaya, kuɗinta ke cikin aljihun mutum ɗaya, to ranar da ya kwanta ita ma ta kwanta. Ya ce dubban mutane ne ke yi wa Rakka ihu, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce musu ga kati ku yanka, ku riƙa biyan ko sule biyar a wata, kulob ya zama naku. Suna ganin tasu ce, ashe 'yan kallo ne kawai.

Wannan magana ta sa na duba tarihin ƙungiyoyin Turai da muke haukacewa a kansu. Ashe Manchester United ma'aikatan reluwe ne suka kafa ta a 1878 da sunan Newton Heath. Arsenal ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a 1886. Wato asalinsu ɗaya da namu, ƙungiyoyin wurin aiki ne. Bambancin shi ne su sun rabu da wurin aikin tun da wuri suka tsaya da ƙafarsu. Barcelona da Real Madrid kuwa har yau na mambobinsu ne, su ke zaɓen shugaba. Kai, a Ingila da aka amince a ɗauke kulob ɗin Wimbledon daga unguwarsa zuwa wani gari, magoya baya ne suka haɗa kuɗi suka kafa sabo a 2002, suka faro daga can ƙasa har suka hauro gasar ƙwararru. A Afirka ma akwai Al Ahly ta Masar tun 1907, da Hearts of Oak ta Gana tun 1911, suna nan da ransu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Hausawa sun faɗa tun kafin a kawo ƙwallo ƙasar nan.

Bayan Rakka

Kano ba ta zauna haka ba. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Amma sai da Kano ta jira shekara 30 cur, daga 1978 zuwa 2008, kafin kofin lig ya sake shigowa garin. Pillars ta ƙara ci a 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly a gasar Afirka ta 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma ci kofin ƙalubale a 2019. A 2022 ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo a 2023. Duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ya ji ana "Sai Masu Gida" ya san Kanawa ba su daina son ƙwallonsu ba. Ni dai tsorona ɗaya: ita ma aljihu ɗaya ne ke riƙe da ita, illa dai wannan karon aljihun gwamnati ne.

Mu kuma mutanen Abuja fa?

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Lokacin da Pele ke buga ƙwallo a Kaduna, wannan gari da muke ciki yawancinsa daji ne da ƙauyukan Gwarawa da sauran 'yan asalin wurin. Shekara biyu ke nan da gwamnatin Murtala ta kafa dokar samar da shi, a watan Fabrairun 1976, kuma sai ranar 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta taso daga Legas. Iyayenmu sun biyo kasuwa ne suka zo, wasu daga Kano, wasu Katsina, Sakkwato, Zariya, wasu ma daga Maraɗi. An gina mana katafaren filin wasa mai cin kimanin mutum 60,000 saboda wasannin Afirka na 2003, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Hedikwatar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ma a nan take. Amma har yau ba wani kulob na Abuja da ya taɓa cin lig ɗin Nijeriya, kuma ba wanda za ka ce ga shi nan ya shiga jinin mutanen gari yadda Rakka ta shiga jinin su Baba.

Saboda haka muka tashi ba mu da na gida, ba mu da na nan. Muna biyan kuɗi a gidan kallo muna zagin juna a kan Madrid da Barcelona, har a kai ga dambe, a kan garuruwan da ko bizarsu ba za a ba mu ba. Ban ce kallon ƙwallon Turai laifi ba ne, ni ma gobe in Allah Ya kai mu zan kalla. Abin da ke damuna shi ne mutum ya san shekarar da aka kafa Arsenal amma bai san garinsu ya taɓa cin kofin ƙasa ba.

Baba ya gaya mini yana da hoton 'yan wasan Rakka da ya yanko daga jarida a 1978, ya ajiye shi cikin wata tsohuwar jakar takardu fiye da shekara ashirin da biyar, ya taho da shi har Abuja. Lokacin da rusau ya ci unguwarmu ina ƙarami, aka kwashe abin da aka iya kwashewa cikin gaggawa, jakar ba ta fito ba. Ya ce ya fi jin zafin takardun rumfa da ke ciki, amma hoton ma yakan faɗo masa a rai. Da na ce ya lissafo mini sunayen 'yan wasan, sai ya kama uku ya tsaya, yana ta murza goshi. Mutumin da a da yake rera su kamar karatun allo. A nan jikina ya yi sanyi, domin na gane abin da ya samu Rakka yana iya samun duk wani abu da iyayenmu suka taho da shi a ka: sunan unguwarsu, sunan kakanninmu, yadda aka yi suka zo, wa ya sauke su, wa ya ba su jarin farko.

Shawarata ga 'yan'uwa matasa guda biyu ce. Ta farko, duk mai dattijo a gida ko a layin kasuwarsu ya zauna da shi ya tambaye shi, ya ɗauki muryarsa a waya, ya rubuta. Ba lallai sai maganar ƙwallo ba. Ni kaina da Pele bai mutu a wannan rana ba, da wataƙila har Baba ya koma ga Mahaliccinsa ban san ya taɓa zuwa Kaduna kallon wasa ba. Ta biyu, ƙananan ƙungiyoyin da muke da su a unguwanni, waɗanda wani Alhaji ɗaya ke saya wa riguna da ƙwallo, mu yi musu rajista da littafi da asusu, kowa ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa, a kuma rubuta sunan wanda ya buga da shekarar da ya buga. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Makon jiya na samo wani tsohon hoto na wasan Kaduna a intanet, Pele cikin rigar Fluminense, na kai wa Baba a rumfa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ba Pele yake dubawa ba, taron mutanen da ke bayansa yake bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na ce, "Baba, me kuke nema?" Ya ce, "Kaina nake nema." Sai ga mai sayen atamfa ta shigo, ya miƙo mini wayar ya ce in sauko mata da turmi biyu na sama.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Sai wani jiƙon.

Naku, ɗan'uwanku daga Wuse, Abuja.